Moɗa a Bakin Randa

Bahaushe ya daɗe yana yi wa baƙo kirari. Ya ce baƙo raɓa ne, safiya ɗaya yake yi ya wuce. Ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa sukan ce baƙonka annabinka. An yi waɗannan maganganu ne a zamanin da matafiyi kan isa gari da almuru, ya nufi zauren mai gari ko ƙofar masallaci, ya kwana da cikinsa a cike ba tare da an tambaye shi sunan ubansa ba. A yau, a wannan yanki namu na arewacin Zamfara, daga Ƙaura Namoda zuwa Zurmi da Shinkafi, idan aka ce an ga baƙuwar fuska a gari, mata kan leƙo su kira 'ya'yansu cikin gida, maza kuma su rage murya. Ni Kirista ce, addinina ya ɗora mini karɓar baƙo a matsayin wajibi, ga shi kuma ina zaune a ƙasar da baƙo ya zama abin tsoro, tsoron kuma yana da dalili. A tsakanin waɗannan abubuwa biyu nake rayuwa kullum.

Ni kaina jikar baƙo ce. Layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura a 1929. Jirgi ya zo kwasar gyaɗa da auduga da fatu, amma ya riƙa sauke mutane: leburori, akawuna, masu gyaran dogo, 'yan tireda. Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda suka sauka bayan yaƙin duniya na biyu, saurayi daga kudancin ƙasar Zazzau, ba shi da komai sai tabarma da akwatin katako. Wani mahauci da bai taɓa ganinsa ba ya ba shi zaure, ya zauna wata uku, ana aiko masa da tuwo daga cikin gida safe da dare. Mahaucin ya san baƙonsa ba ya salla. Abin da kawai ya nema a wurinsa shi ne kada ya shigo masa da giya zaure. Duk zuriyarmu daga wannan zaure muka fito, kuma duk lokacin da wani ya ce mana baƙi, ko da yake a Ƙaura aka yanke cibiyar mahaifina da tawa, nakan tuna cewa karɓar da aka yi wa baƙo ita ce asalin zamanmu a garin.

Mahaifiyata ba ta yi boko ba, amma ta san Littafi Mai Tsarki da kunne, domin tun 1932 aka fitar da shi cikakke da Hausa, da Hausar kuma ake yi mana wa'azi. A ƙofar gidanmu akwai randa binne rabi a cikin yashi, da faifai a rufe da bakinta, da moɗa a kai. Aikina na farko a duniya, tun kafin in iya wanke-wanke, shi ne cika wannan randa. Masu itace, almajirai, matan Fulani masu tallar nono, direbobin da mota ta mace musu, duk sun sha. Wata rana na yi ƙorafin cewa ruwan da nake wahalar ɗebowa waɗanda ban sani ba ne ke shanye shi. Mama ta zaunar da ni, ta ba ni labarin Ibrahim yana zaune a bakin alfarwarsa da tsakar rana, ya hango mutum uku, ya sheƙa a guje ya tarye su, ya sa aka yanka musu maraƙi, alhali bai san ko su wane ne ba. Ta ce da ya tsaya sai ya san su, da ya makara. Ta ƙara da cewa Yesu Almasihu ya yi alkawarin lada har a kan ƙoƙon ruwan sanyi, don ya san mafi yawanmu ba mu da maraƙin yankawa. Daga nan ta miƙo mini tulu.

Ina 'yar budurwa aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, ta fara aiki a farkon 2000. Waɗansu 'yan ikilisiyarmu sun tattara kayansu sun koma garuruwan kakanninsu. Mahaifina ya ce ba shi da wani gari sai wannan. Abin da na riƙe daga waɗannan shekaru ƙanana ne: naman layya bai daina shigowa gidanmu ba, shinkafar Kirsimeti ba ta daina fita ba, randa kuma tana nan inda take. An yi zaman ɗar-ɗar, an yi maganganu masu zafi a rediyo da kan mumbari, ta kowane ɓangare, amma da zafin rana ya yi, mai ƙishirwa bai taɓa tambayar addinin randa ba.

Aikin jinya ne ya kai ni Jangeru, a ƙaramar hukumar Shinkafi. Na kama ɗaki a gidan wani dattijo mai makarantar allo, ni da 'yata. Mutanen gari suka sa mini suna Malamar asibiti, sunan ya bi ni. Idan hanya ta yi kyau nakan tafi Ƙaura ranar Asabar in yi sujada da 'yan'uwa ran Lahadi. Idan ba ta yi ba, ni da yarinyar mukan rufe ƙofa mu yi waƙa a hankali mu karanta sura ɗaya. A shekarun farko, ranar Alhamis, wato ranar kasuwar Shinkafi, hanya kan cika maƙil da motocin hatsi da na albasa da garken dabbobi, har da mutanen ƙasar Nijar. Na sayi randa na kafa a bakin zaure, da izinin mai gida. Ya yi dariya ya ce sadakar ruwa babu irinta, ko a wurinsu.

Sannu a hankali ƙasa ta rikice. Aka fara da satar shanu, aka koma ɗaukar fansa tsakanin 'yan sa-kai da mutanen daji, daga nan sai satar mutane don kuɗin fansa, da ɗora wa ƙauyuka haraji kafin su yi noma ko girbi. Wata kalma ta shigo bakin kowa: infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoton wanda ya sayar da sa, da wanda ɗansa ya aiko da kuɗi. Tun da infoma ba shi da alama a goshi, kowa ya zama abin zargi, baƙo kuwa ya fi kowa. Matan Fulani da muka saba sayen nono a wurinsu suka ɗauke ƙafa, domin an daina bambanta makiyayin da aka kwashe wa shanu da ɗan bindigar da ya kwashe su. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita hawan babur da dare, aka kuma katse layukan waya a duk faɗin jihar. Makonni muka yi ba ka iya kiran ɗan'uwanka ka ji ko yana raye. A irin wannan yanayi, ba wa wanda ba a sani ba abinci ko magani na iya zama laifin da za a tuhume ka da shi.

A cikin waɗannan makonni ne, wata rana bayan la'asar, na taso daga aiki na tarar da wata Bafulatana zaune a gindin bangon zaurenmu, da yaro a cinya. Mutane na wucewa suna ratse mata kamar an zana da'ira a kewaye da ita. Moɗa na kan randa, taku biyu daga inda take, amma ba ta taɓa ba. Da na duba yaron, idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, na ja fatar cikinsa ta tsaya ba ta koma ba. Gudawa ta tsotse shi, ga yunwa a ƙarƙashi. Na ce, "Baiwar Allah, tun yaushe yake haka?" Ta ɗaga yatsu huɗu. Na shiga na auna lita ɗaya ta dafaffen ruwa, na zuba sukari cokalin shayi shida da gishiri rabin cokali, na zauna kusa da ita a ƙasa muna ɗura masa kaɗan-kaɗan. Ita kuma na dama mata fura. Sai da ta shanye ta fara magana, ta ce rugarsu ta watse, mijinta ya yi wata biyar ba labarinsa. Ban tambaye ta ko yana cikin waɗanda aka kashe ko cikin masu kashewa ba. Na san yaron yana buƙatar abin da ya fi ƙarfin ɗakina, na kuma san likitocin ƙungiyar MSF suna jinyar yara masu tamowa a babban asibitin Shinkafi. Na tare mota ta ƙarshe, na biya kuɗin mutum biyu domin fasinjan da ke gaba ya ƙi a matsa shi da ita, na rubuta 'yar takarda na sa mata a hannu.

Washegari da hantsi samari uku 'yan sa-kai suka yi sallama a zaure, da bindigoginsu na gida a kafaɗa. Suna son su ji wace ce matar, me na ba ta, me ta gaya mini, kuma tun yaushe muka san juna. Ɗaya daga cikinsu na san shi, ni na yi wa matarsa awon ciki. An kashe yayansa a gona a daminar da ta wuce, don haka ban ga laifin zafin da ke idonsa ba. Ina cikin ba su amsa sai mai gidanmu ya fito, carbi a hannu, ya tsaya tsakanina da su. Ya ce, "Wagga ɗiyata ce, a gidana take. Ruwa ta ba mai ƙishirwa, a ƙofata, ina gani. In laifi ne, da ni za ku fara." Suka yi shiru, suka ce Allah ya ba Malam haƙuri, suka tafi. Amma magana ta riga ta fita. Kusan wata guda waɗansu matan unguwa suka daina amsa gaisuwata da sakin fuska, 'yata kuma ta dawo daga ɗiban ruwa tana kuka, an ce mata uwarta likitar ɓarayi ce.

Da hanya ta buɗe na je Ƙaura, labari ya riga ni isa. Wani dattijon ikilisiya, wanda ya riƙe ni tun ina jaririya, ya kira ni gefe bayan an tashi sujada. Ya ce, "'Yata, mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan. Wanda ke da dangi dubu a gari in ya yi haka, a ce tausayi ne. Ke in kin yi, a ce da wata a ƙasa, kuma ba ke kaɗai za a shafa ba. Ki yi aikinki a asibiti, ki rufe ƙofarki." Maganarsa ba ta matsoraci ba ce. Ya binne mutane, ya tara kuɗin fansar 'yan ikilisiya da kwano a hannunsa. Na daɗe ina juya ta a zuciyata, har yau kuma ban raina ta ba.

Abin da ya hana ni bin shawararsa duka shi ne misalin da Yesu ya bayar a Bishara ta hannun Luka, sura ta 10, wanda tun muna yara muke haddace shi ba tare da mun ji nauyinsa ba. Hanyar da ta gangara daga Urushalima zuwa Yariko, mai tsawon kimanin kilomita 27 a cikin duwatsu da kwazazzabai, hanyar 'yan fashi ce, kamar dai tamu. Firist da Balawen da suka ratse wa mutumin da aka sassara ba lalle ne mugaye ba. Mai yiwuwa sun yi lissafin da kowane direban Shinkafi ke yi a yau, cewa wanda ke kwance a kan hanya tarko ne, masu shi suna bayan dutse. Wanda ya tsaya kuwa Basamariye ne, ɗan ƙabilar da ake ƙyama, wanda in an same shi da jini a riga shi za a fara kamawa. Wato wanda ya fi kowa dalilin wucewa shi Almasihu ya zaɓa ya tsayar. Da na gane haka, sai na ga ƙarancinmu bai sauke mana wannan kaya ba. A sura ta 25 ta Matiyu kuma, inda ake maganar ranar shari'a, abubuwan da aka lissafa su ne ci da sha da tufafi da saukar baƙo da gaida mara lafiya da ziyarar ɗan kurkuku, Almasihu kuma ya ce a jikin waɗannan mutane ake samunsa. Babu inda aka ce sai an tantance su.

Duk da haka akwai rabin maganar dattijon da na riƙe, domin Ubangijin da ya ce a karɓi baƙo shi ne ya ce a haɗa wayon maciji da halin kurciya. Ba na buɗe ƙofa bayan isha'i. Ba na ba kowa labarin wani, ko da tambayar ta yi kama da ta zumunci. Ba na ba da magani a ɓoye. Abin da zan yi wa baƙo, a bakin zaure nake yinsa, da rana, idon kowa na gani, domin ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Basamariyen ma bai kai majinyacin gidansa ba, masauki ya kai shi, ya ajiye dinari biyu, ya ci gaba da tafiyarsa. Alherin da aka nema a gare ni yana da iyaka daidai ƙarfina, amma a cikin iyakar nan babu uzuri.

Ban sake ganin matar nan ba. Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, mutane kuma sukan so a ƙarasa musu irin wannan labari da ranar da aka rama. Ni dai ba a rama mini ta hannunta ba, ban kuma sa rai ba. Bambancin alheri ga ɗan'uwa da alheri ga baƙo ke nan: na farko biki ne, ka kai a kawo maka, na biyu kuwa ka zuba ne a inda ba za ka koma ɗiba ba. Shi ya sa nake ganin a nan ne ake gane ko bangaskiyar mutum ta wuce leɓensa.

Sai dai ni ma an yi mini, ta wani hannu dabam. Wata rana muna dawowa daga Ƙaura, mota ta lalace mana ana dab da magariba, a wurin da ba mai son dare ya same shi. Mutanen wani ɗan ƙauye da ke gefen hanya suka fito suka rarraba mu gida-gida, su da aka riga aka kwashe musu dabbobi, rumbunansu kuma saura kaɗan. Wata tsohuwa ta ja hannuna zuwa ɗakinta. Da aka kira salla ta ajiye mini buta, ta ga ban tashi ba, ta dube ni, ta ɗauke butarta ba ta ce uffan ba. Da ta idar ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, ta tura mini ɓangaren da ya fi yawa, ta bar mini gadonta ta kwanta a tabarma. Da asuba na ciro kuɗi, ta ture hannuna. Ta ce, "Ɗiyata, riƙe abinki. Ki dai roƙa muna Allah irin roƙonku, ya kawo muna ƙarshen wanga abu." Na yi mata alkawari, ina kuma cikawa kowace safiya. Tsohuwar nan takan tuna mini da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato, wanda a watan Yuni na 2018 ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a gidansa da masallacinsa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Duniya ta ji nasa, har Amurka ta karrama shi a 2019. Na tsohuwar babu wanda ya ji sai ni, amma itace ɗaya ne ya haifi 'ya'yan biyu. Ba mu Kirista kaɗai aka ba alheri ba. Abin da ke namu shi ne dalilin da muke yinsa, da sunan wanda muke yi dominsa.

Yawancin kwanaki babu abin da ke faruwa mai kama da waɗannan. Abin da ke zuwa ƙofata ƙanana ne. Wani dattijo ɗan gudun hijira yana riƙe da takardar magani a juye, yana jin kunyar ya ce bai iya karatu ba. Wata mata ta sauka a mota ba ta san hanyar gidan da 'yan ƙauyensu suka sauka ba, sai in sa 'yata ta raka ta. Wani yaro yana neman inda zai sa wayarsa caji don ya ji ko an sako mahaifinsa. Wani kuwa gaisuwa kawai yake buƙata, cikakkiya, da tambayar gida da gajiya, domin ya kwana uku a gari ana kallonsa ta wutsiyar ido. A zumuntar mata ta ikilisiyarmu mun sa wa kanmu kowace ta kawo tiya ɗaya ta hatsi a wata saboda waɗanda aka kora daga ƙauyukansu. An yi gardama a kan ko a fara da namu, har wata tsohuwa cikinmu ta ce yunwa ba ta zuwa coci, ba ta zuwa masallaci, gida-gida take bi. Aka raba bisa ga yawan bakin da ke kowane gida.

Saurayin nan ɗan sa-kai da ya zo tuhumata, bayan wata huɗu matarsa ta haihu a hannuna da tsakar dare. Bai ce mini komai a kan abin da ya wuce ba, ni ma ban ce ba. Ran suna ya aiko mini da cinyar rago, mai gidanmu ya karɓa a zaure, ya leƙo ya ce, "Malama, ga rabonki." Muka raba ta uku: gidan Malam, ɗakina, da wasu mutanen ƙasar Zurmi da suka sauka a makarantar firamare a makon nan, waɗanda har yanzu ba mu gama sanin sunayensu ba.